Benen da Nayeli Ta Gina a Kan Gidan Surukarta

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu ta Iztapalapa, ana kiranta Doña Herminia. Tamal, wato ƙullun masara da ake turarawa a cikin ganye, take sayarwa a bakin tasha kowace safiya, kuma bakinta ya fi barkonon da take zubawa a ciki zafi. Amma duk wanda ya zauna da ita ya san faɗan nata a leɓe ya tsaya.

Lokacin da ɗanta Leobardo ya auri Nayeli, ba su da inda za su zauna. Sai ta nuna musu rodin da ke tsaye a kan rufin gidanta, ta ce su hau su gina. Haka kowa yake yi a nan.

Nayeli ɗinki take yi. Abin da ta samu, a bulo da siminti yake tafiya. Ranar da maƙwabta suka taru zuba kankaren rufi, ita ma da bokitinta a kafaɗa tana hawa tsani, tsohuwar tana ƙasa tana dafa wa jama'a abinci tana mita.

Shekaru suka wuce, auren ya yi sanyi. Babu duka, babu zagi, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Sai kawai suka zauna suka yarda su rabu cikin mutunci.

Wata rana da yamma Doña Herminia ta hau bene da kwanon miya, ta tarar da su sun haɗa kai a kan waya.

"Me kuke kallo haka kamar masu duban ƙwallo?"

Leobardo ya ce, "Fom ɗin raba aure ne, Mama. A intanet ake cikewa, ba sai an nemi lauya ba. Mun kusa gamawa."

"Karanta mini in ji."

Ya karanta sunaye, ya karanta ranar aure. Da ya zo wurin da aka tambayi dukiyar da suka tara tare, sai ya ce sun rubuta babu.

Tsohuwar ta ajiye kwanon. "Babu? To wannan da nake tsaye a cikinsa fa, gajimare ne?"

"Ai filin da sunanki yake, Mama. A takarda, gidan naki ne. Kuma mun gama magana, Nayeli ce za ta zauna, ni zan koma kusa da garejin da nake aiki. Wa zai kore ta?"

"Kai ba za ka kore ta ba, don ko kaza ba ka iya kora. Amma ranar da na rufe ido, yayyenka za su zo da maganar gado. Me za ta nuna musu? Kafaɗarta?"

Nayeli ta sunkuyar da kai. "Mama, ni ba na son lauya. Sai a ce na ci abincinki shekara da shekaru, yanzu kuma na kai ɗanki ƙara."

Maganar ta taɓa zuciyar Doña Herminia ƙwarai. Ta san da ta yi shiru, bene ya zama na 'ya'yanta ba tare da ta ɗaga ko yatsa ba, kuma babu wanda zai zarge ta. Ta dubi yarinyar nan da kunya za ta sa ta rasa matsuguni, sai tausayi ya kama ta har idonta ya ciko. Don kada su gani, ta hau faɗa.

"Kashe wayar nan. Gobe ku yi wanka ku sa kayan kirki, ni zan kai ku."

Washegari ba ta fita da tamal ba. Ta tasa su gaba har ofishin wata lauya mai suna Ofelia, wadda take sayen tamal a wurinta. Lauyar ta saurare su a natse, sannan ta ce fom ɗin ba shi da laifi, an yi shi ne don waɗanda ba su da abin rabawa. Su kuwa suna da shi, sai dai ba a rubuce yake ba.

Ta dubi ma'auratan ta ce, "To wa ke faɗa da wa a cikinku?"

Doña Herminia ta ce, "Babu. Ni ce mai faɗan, kuma da su biyun nake yi."

Aikin ya ɗauki watanni, an sha zirga-zirga, yayyen Leobardo sun yi ta gunaguni a waya. Tsohuwar ba ta janye ba. A ƙarshe aka rubuta haƙƙin Nayeli a kan benen, kowa ya sa hannu, sannan aka raba auren. Leobardo ya kwashe kayansa, Nayeli ce ma ta ninke masa riguna.

Bayan shekara guda, Doña Herminia ta zame a tsakar gida ta karye a ƙugu. 'Ya'yanta duk suna nesa. Nayeli ce ta ji ƙarar faɗuwar daga sama, ta sauko a guje, ta kai ta asibiti, ta zauna a gefen gadonta.

Ma'aikaciyar jinya ta zo da biro ta tambayi Nayeli, "Mece ce ke a wurinta?"

Nayeli ta juya ta dubi mai kwance a gadon.

Tsohuwar ta ɗago kai daga matashi da ƙyar. "Rubuta 'yata. Ɗana ne ya rabu da ita, ni ban sake ta ba."

Darasi: Fom abin da ka rubuta kawai ya sani, bai san gumin da aka zuba ba. Idan akwai haƙƙin wani a tsakani, neman lauya ba neman faɗa ba ne, kare zumunci ne. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin sa hannu cikin gaggawa.