Man Birkin Suruki da Gangaren Nakpanduri

Akwai wani mai sayar da doya a Salaga, jama'a, sunansa Mutawakil. Ranar da aka yi masa waya daga Bawku cewa matarsa Rukaya ta sauka lafiya a gidan iyayenta, an samu namiji, duk wanda ya bi ta rumfarsa sai da ya tafi da doya kyauta. Ɗansu ne na fari, kuma sun daɗe suna jira.

Nan da nan ya shiga shirin suna. Ya sayi rago, ya sayi goro, ya ɗinka wa mai jego kaya. Saura mota. Tsohuwa ce mai lafiya, amma tun da ya saye ta ba a taɓa canza mata man birki ba, ga shi hanyar Bawku sai an sauka gangaren Nakpanduri, wanda direbobi ba sa wasa da shi. Sai ya yi niyya idan sun isa Yendi ya tsaya a wani gareji da birki ne sana'arsu.

Maganar ta kai kunnen Abdul-Kadiri, yayan Rukaya, mai gyaran babura a bakin tashar Salaga. Mutum ne mai kirki da yawan raha, kuma shi ya tsaya wa Mutawakil lokacin neman aure.

"Ina garin nan da raina, za ka kai wa bare mota?" in ji shi. "Kawo ta nan, angon ƙarni. Abin da ke tsayar da babur shi ke tsayar da mota."

Mutawakil ya kai. Yana kallo Abdul-Kadiri ya ɗauko wata kwalba daga kan kanta, ba murfi, tsumma aka toshe ta da shi tun damina. Bai zubar da tsohon man ba, ƙari kawai ya yi har ya cika. Ya rufe, ya bugi ƙeyar mota, ya ce an gama, kuma ya rantse ba zai karɓi komai ba.

Mutawakil ya sha jin direbobi suna cewa man birki yana shan ruwa idan ya daɗe ko aka bar shi a buɗe, in ya yi zafi kuma sai ya ci amanar mutum. Ya buɗe baki, kunya ta rufe masa shi. Godiya kawai ya yi.

Ana gobe suna suka kama hanya da safe. Mahaifiyarsa, Mma Damata, tana baya da ƙullin goro a cinya. Abdul-Kadiri yana gaba. Rago yana but ɗin motar, an ɗaga masa murfi ya sha iska. Mota ta cika da dariya, ana ta musun wa jariri zai yi kama da shi, rago yana sa baki.

Sun wuce Bimbilla ke nan akuya ta gitta. Mutawakil ya taka birki, ya ji ƙafarsa ta nutse kamar ya taka tuwo. Sai da ya sake takawa sannan motar ta rage gudu. Ya saci kallon Abdul-Kadiri, amma shi yana can cikin labari, bai lura ba.

A Yendi suka tsaya sallar azahar. Mutawakil ya idar, ya zauna yana tunani. Zuciya ta ce masa ya yi ƙaryar sayen wani abu, ya sulale da motar gareji. Sai ya ga bai dace ya je sunan ɗansa da ƙarya a baki ba. Ya ja surukinsa gefe, inda Mma ba za ta ji ba.

"Yaya, ina jin nauyinka, amma zan faɗa. Birkin nan bai kwanta mini ba. Ina so a zubar da man duka a sa sabo. Ka raka ni gareji, kai ka san ƙarfe, ka tsaya a kansu."

Fuskar Abdul-Kadiri ta canza. "Wato aikina ne bai yi ba."

"Mma ce a baya, Yaya, kai ne a gaba. Ɗan ƙanwarka kuma bai ga ubansa ba tukuna."

Abdul-Kadiri ya juya ya shiga mota. A gareji aka fasa sabuwar kwalba a gabansu. Ɗaya daga cikin makanikan yana taka birki, ɗaya yana bin ƙafafun motar yana tsiyaye tsohon man, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana. Ba su tsaya ba sai da fari tas ya fito.

Daga Yendi har Gushegu suruki bai yi magana ba. Mma ta miƙa masa gyaɗa, ya ce ya ƙoshi. Ta ce to, Allah ya yi wa rago albarka, shi kaɗai ya rage mai hira a motar nan.

Bayan la'asar suka kai bakin gangaren. Kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen, ƙafar Mutawakil ba ta bar birki ba. Suna shan wata kwana sai ga keken ɗaukar kaya ya kife a tsakiyar titi, albasa ta watse, mata sun durƙusa suna tsinta.

Ba wurin kaucewa. Mutawakil ya danna birki da dukan ƙarfinsa.

Motar ta yi ƙara, ta tsaya cak. Goro ya tarwatse, rago ya yi kuka, Mma tana ta salati. Wata mata da goyo a baya tana durƙushe dab da hancin motar, albasa a hannunta, ta kasa ko motsi.

Suka fito suka taya tsintar albasa, aka ɗaga keken. Abdul-Kadiri ya kai hannu kusa da ƙafar mota, ya ji irin zafin da ke fitowa, ya daɗe a tsaye yana duban ramin.

Kafin magariba suka shiga Bawku. Guɗa ta tare su tun daga ƙofar gida. Aka sa wa Mutawakil jariri a hannu, yana dariya, hawaye yana zuba, har ƙannen Rukaya suka yi ta tsokanarsa.

Da safe aka raɗa wa yaro suna Suraj. Ana cikin rabon goro Abdul-Kadiri ya miƙe a gaban maza, ya ba da labarin kwalba mai tsumma tun daga farko, bai rage komai ba. Ya ce daga yau shi da babur ne kawai, duk wanda ya kawo masa mota da kansa zai raka shi Yendi. Aka yi ta dariya.

Sannan ya dafa kafaɗar Mutawakil, muryarsa ta yi ƙasa.

"Jiya na ji haushinka, baban Suraj. Amma da ka ji kunyata a Yendi, da yau wani taro ake yi a gidan nan, ba wannan ba."

Darasi: Kunya ado ce, 'yan uwa, amma idan rai yana kan hanya, a faɗi gaskiya, a faɗe ta a gefe cikin ladabi. Kuma aikin birki a kai shi ga masu shi, ko da mai ƙaunarka ya ce zai yi maka kyauta. Ku tura wa duk wani mai mota da kuke son ya dawo gida lafiya.