Gida na Huɗu a Bangon Mamunatu

An yi wani mutum a nan Kumasi, mai manyan motocin dakon goro. Ba zan faɗi sunansa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Race Course ya san shi.

Abin ya fara ne wata Laraba ana yayyafi, a ƙarshen daminar 1969. Ya sauko daga motarsa ya tarar da mutane cunkushe a jikin shagon Mamunatu mai koko, ruwa na dukansu, suna dariya. Da suka gan shi sai suka ba shi hanya.

A bangon an yi zane gida huɗu, irin wanda ake gani a jaridun da ake ƙunshe ƙosai da su. A gidan farko mota ta kife. A na biyu wani ƙaton mai tumbi, ƙafafunsa tayoyi, ya taho a guje. A na uku ya tsallake yaron mota da ke kwance cikin jini. A na huɗu ya rungume huhun goro yana kuka.

Babu rubutu ko ɗaya, kuma ba a bukata. Kowa ya san motarsa ta kife a hanyar Tamale saboda lodi da suɗaɗɗun tayoyi, yaron mota ya rasa ƙafa, shi kuwa da labari ya iso masa goro ya fara tambaya.

Mai zanen wani saurayi ne, Munkaila, wanda ke rubuta wa direbobi kirari a goshin mota. Mutumin ya sa aka kira shi.

"Kai, wa ka zana a nan?"

"Alhaji Tumbi ne, ranka ya daɗe."

"Wato ni?"

"Ni ban sa suna ba, Alhaji. In ka gane shi, ka gaishe min da shi."

Mutumin ya ce a goge. Mamunatu ta ce bangonta ne, kuma tun da aka yi zanen kokonta ba ya kai hantsi. Fentin mai ne, ruwan sama ma bai iya masa ba. Duk mako Munkaila kan shafe da fari ya kawo sabo: Alhaji Tumbi yana auna fasinjoji a sikeli, Alhaji Tumbi yana sallah ido ɗaya na kan lodi.

Ya 'yan uwa, me ya hana mutumin nan ya sayi tayoyi? Me ya hana shi ya je ya duba yaron da ya nakasa? Da ya yi, da zanen ya zama ƙarya, ya mutu da kansa. Amma shi ba halinsa ne ya dame shi ba. Dariyar ce ta dame shi.

Sai ga azumi, sai ga dokar nan da ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Kun ga abin da idanunku. Mutumin ya tuna cewa a Zongon Kumasi aka haifi Munkaila, amma ubansa daga Dosso ta Nijar ya zo, kuma takarda babu. Ransa ya yi fari.

Moro, babban direbansa, ya ji abin da yake shiryawa, ya same shi bayan la'asar.

"Maigida, don Allah ka bari. 'Yan sanda ba sa shigowa tasha su ɗauki mutum ɗaya su fita."

"Da na ɗauke ka aiki tuƙi na ce ka yi, ko wa'azi?"

Da bakin azumi ya tafi ofishin 'yan sanda ya kai sunan ɗan uwansa Musulmi. Tasha ba ta da sirri. Kafin ya dawo kowa ya ji.

Da safe 'yan sanda suka zo, suka tare ƙofar shiga da ta fita, suka ce kowa ya fito da takarda. Sun sami Munkaila a jikin bango, burushi a hannu. Gida uku ya gama: Alhaji Tumbi yana raɗa a kunnen ɗan sanda, Alhaji Tumbi yana nuni da yatsa, Alhaji Tumbi yana tafi. Na huɗu fari fat.

Mutumin ya matso yana murmushi. "Mai zane, yau ba ka ƙarasa ba?"

Munkaila ya miƙa wa Mamunatu burushin. "Na huɗun ba nawa ba ne, Alhaji. Mai zana shi yana nan, kuma Shi ba a tambayarsa takarda."

Sai da mutumin ya juya ya ga layin da aka jera. Moro ne a gaba. Bayansa sauran direbobinsa, da makanikansa, da masu yi masa lodi. 'Yan Mosi, 'yan Nijar, 'yan Najeriya. Ai da gangan yake ɗaukar baƙi tun farko, domin baƙo ba ya kai ƙara. Ya bi babban ɗan sandan yana cewa waɗannan nasa ne. Aka ce masa doka ba ta san nasa ba, kuma ai shi ya kira.

Goron da aka loda ya zauna a rana, babu mai sauya masa ganye, babu mai yayyafa masa ruwa, ya lalace. Ya ɗebo sababbin direbobi. Tsofaffin motocin nan kuwa kowace da halinta, waɗanda suka san halin sun ƙetare iyaka. Ɗaya ta gangara a hawan Mampong. Biyu injinsu ya ƙone. 'Yan Zongo da suka rage suka daina ba shi kaya, suka daina hawa motarsa, ko da ita kaɗai ce a tasha. Ba taro aka yi ba. Kowa dai ya ƙi.

Da ruwa ya sauko a 1970, sai ga shi yana zuwa tasha a ƙafa, ya rame, riga ta yi masa yawa. Wata rana ruwa ya kore shi ya fake a shagon Mamunatu, ya zauna a benci ya jingina da bango. Bai lura ba, kansa daidai gida na huɗun nan da aka bari fari yake. Mutane suka tsaya suna kallo. Ba wanda ya yi dariya.

Ya 'yan uwa, har yau akwai masu cewa laifin Munkaila ne, yaro ba ya taɓa manya. Ni ban yarda ba. Wanda ya zana zalunci bai yi zalunci ba. Dattawan da suka ga an tsallake yaro cikin jini suka yi shiru don mai motar yana zama a sahun gaba, su za a tambaya. Kai kuma mai dukiya, in an nuna maka hotonka ka ji zafi, gyara kanka. Kada ka nemi hannun da ya zana. Kuma kada ka ɗauki dokar da ake korar maƙwabcinka da ita ka mai da ita sandarka, don ba ka san iyakar inda za ta faɗa ba.

Ga abin da aka rasa. Motoci tara. Goron shekara guda. Ƙafar yaro ɗaya. Magidanta ashirin da iyalansu, da garin da aka haifi yawancinsu. Munkaila ya bar kabarin uwarsa a nan, ba mu sake jin labarinsa ba.

Allah ya kiyaye mu da zaluntar wanda ba shi da kowa. Allah ya kai waɗanda aka kora inda za a karɓe su. Kada Ya sa mu cika gida na huɗu da kanmu. Amin.