Tabarau ɗin Alhaji Tsalha

Sunan garin ya ɓace mini, tsufa ke nan. Amma na tuna Alhaji Tsalha, mai makarantar kuɗi, wanda kullum yake taƙamar Turancinsa ya fi na malamansa.

Ɗansa ya faɗi jarrabawar gane cikakkiyar jimla da guntuwa. Alhaji ya kira Malama Kuluwa, mai koyar da Turanci, gaban iyayen yara.

"Ki sa ya ci. Kada ki taɓa amsarsa, kada ki yi mini ƙarya. In kin kasa, ki bar aiki."

Kuluwa ta russuna. "Ranka ya daɗe, ina ni ina gyara ɗan masani? Ga takardar. Karanto mana jimlolin da ƙarfi. Duk wadda ka ce ta cika, ta cika."

Iyaye suka zuba masa ido. Alhaji ya juya takardar, ya sake juyawa.

"Na manto tabarau. Kai, yaron ya maimaita ajin! Malalacin banza!"

Daga baya na tambayi direbansa. Ya rantse mini Alhaji bai taɓa mallakar tabarau ba.