Baba Usur da Babban Saksofon

"Na ce wancan nake so, na jikin bango."

"Baba, wancan fa in an tsayar da shi sai ya kai maka ƙirji."

"To aurensa zan yi da za ki auna mana tsawo? Busawa zan yi."

"Mai shago ya ce masu koyo da ƙarami suke farawa."

"Masu koyo, yara ke nan. Ni tun ba a haife ki ba nake busa, Auta."

"Usur, Baba. Usur kake busawa."

Mai shagon kayan kiɗa ya sunkuyar da kai yana goge teburin da ba shi da ƙura.

Baba Usur malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, kuma ɗalibai ne suka raɗa masa sunan. Mutumin kirki ne na gaske. In yaro ya gurɗe a fili, shi zai goya shi har ɗakin magani. Aibinsa ɗaya, alfahari da ƙarfin ƙirjinsa. In ya busa usur a filin ƙwallo, har mai gadi da ke gyangyaɗi a bakin ƙofa sai ya miƙe tsaye.

Da ritayarsa ta matso, ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai ta roƙe shi ya zauna a kujerar gaba ranar bankwana, su yi masa kiɗa. Shi kuwa ya tashi a gaban makaranta kaf ya ce ba zama zai yi ba, saksofon, ƙahon kiɗan nan na ƙarfe, zai ɗauka su busa tare. Aka yi tafi, aka yi ihu. Magana ta riga ta fita, dole ya cika ta, ko kuwa abin da za a tuna shi da shi ya zama abin dariya.

Abin da ya kawo shi shagon ke nan tare da autarsa. Ya zaɓi mafi girma. Da aka zo kan harshe, wato ɗan siririn goran da ake ɗaurawa a bakin saksofon don ya ba da sauti, mai shago ya miƙo masa mai laushi.

"Wannan na wa?"

"Na mai farawa ne, Baba. Ba ya wahalar da leɓe."

"Ba ni mafi tauri. Kana ganin ƙirjin nan?"

A gida ya rataya igiyar a wuya, nauyi ya ja kansa ƙasa kamar mai neman allura. Ya cika kumatu ya busa. Iska ce kawai ta fita, fuuu. Ya ƙara ƙarfi, sai abin ya saki wani irin gurnani da ya sa matarsa fitowa da gudu daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, famfo ne ya fashe?"

"Kiɗa ne."

"Allah ya ba kiɗan lafiya."

Bai saurara ba. Kullum ya dawo daga aiki sai ya rufe ƙofa su yi ta kokawa da ƙarfen. Wuyansa ya sage, har in an gaishe shi daga gefe sai ya juyo da jikinsa duka. Leɓensa na ƙasa ya kumbura ya tsage. Rannan, ana tsakiyar wasan ƙwallo, wani ɗalibi ya taɓa ƙwallo da hannu. Baba ya sa usur a baki, sai ga ɗan sauti ya fito kamar kukan ɗan tsako. Ba wanda ya tsaya. Yara suka ci gaba da gudu, suka bar shi yana ɗaga hannu a tsakiyar fili.

Ya koma gida jiki a sanyaye. Yana shiga zaure sai ya ji muryarsa tana fitowa daga falo. Ya leƙa. Auta ce, ta rataya tawul a wuya, ta goya hannuwa a baya, ta turo ƙirji, tana zagaya saksofon da ke kwance kan kujera.

"Kai, sabon shiga! Ehem. Wa ya aike ka wurin manyan ƙarfe? Ajiye! Ɗauki ƙarami! Wanda ya raina ƙarami, ehem, a ɗakin magani zai ƙare!"

Uwar tana dariya har da riƙe ciki. Sai suka gan shi. Tawul ɗin ya zame daga wuyan Auta.

Baba ya gane. Kalmominsa ne, waɗanda yake faɗa wa kowane sabon ɗalibi a ɗakin ɗaga ƙarfe.

"Tarin bai fito daidai ba," in ji shi. "Ɗauko mini akwatin abin."

Da ƙafarsa ya koma shagon. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce, "Ɗana, ɗan aji ɗaya ne ya zo. Musanya mini da ƙaramin, ka haɗa da harshe mai laushi."

Washegari ya je wurin malamar kiɗa, wadda a haife ya haife ta, ya zauna a bencin baya. Ta ce sauti ɗaya tak zai riƙa ja har ya daidaita, ya ce to. Ta ce ya daina kumbura kumatu, ya ce to. Abokan aiki suna wucewa suna leƙe, bai ko ɗago ba.

Ranar bankwana ya tsaya cikin ɗalibansa, furfura tsakanin baƙaƙen kawuna. Waƙar gajera ce, mai sauƙi. Ya busa nasa kason a hankali, sautin ya fito sumul, mai taushin da ba wanda ya taɓa zaton yana cikin ƙirjin nan. Mai gadi ya baro ƙofa ya zo ya tsaya. Da aka gama, tafi ya ƙi ƙarewa.

A hanyar gida matarsa ta ce, "To Malam, babban fa? An haƙura ke nan?"

Ya shafa akwatin da ke kan cinyarsa. "Wa ya ce? Wannan ɗin ma in ana kula da shi, zai girma."



Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, ƙwarewa a wani fage ba ta ɗauke wa mutum zama ɗan koyo a sabon fage. Duk abin da za ka fara, zaɓi wanda ya yi daidai da hannunka, ba wanda zai burge masu kallo ba. In kuma girman kai ya riga ya sa ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka, to ka yi irin ta Baba Usur: ka mayar da shi da ƙafarka, ka zauna a bencin baya. Wannan komawar ita ce jarumtarsa.