Tabawa da Taƙin Zare

Ga ta nan, ga ta nanku, ta shigo da sallama.

Ta zo mu ji ta, mu shimfiɗa mata tabarma.

To, ku matso. Kai mai tsokanar wuta da kara, ajiye karan nan, kada ka sa ta ƙone ni.

A can wani zamani, a wani gari, an yi wata unguwa ta masaƙa. A tsakiyarta akwai wata ƙatuwar ceɗiya. A ƙarƙashin ceɗiyar nan masaƙa ke jeruwa tun hantsi, kowa zaune a cikin itacen saƙarsa, zare miƙe a gabansa, fari da shuɗi, har bakin hanya. Ƙafa tana takawa, hannu yana jefa ƙoshiya, wato ɗan katakon nan mai kai zare ya komo. Ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas. Wayyo, ku ba ku taɓa jin wannan sauti ba. Ni kam ina kewarsa.

Suna saƙa gwado, suna saƙa zane, amma abin da aka san su da shi majanyi ne, na goyon yara. Duk jaririn da aka ɗaure da majanyinsu, kafin uwarsa ta kai rijiya ya yi barci.

Masaƙan nan suna da al'ada guda. Akwai abin da ake kira allera, igiyoyi ne masu ido-ido, kowane zare da idon da yake bi. In masaƙi ya gama saƙa, ba ya zare zaren duka. Yakan bar taƙi ɗaya a cikin allera. In ya kawo sabon zare, sai ya ƙulla a jikin tsohon, fari da fari, shuɗi da shuɗi, ya ja ya wuce. Haka uba ya yi, haka kaka ya yi, haka kakan kaka. Tun suna ƙullawa don sauƙi, har aka wayi gari babu mai rai da ya san yadda ake zura zaren daga farko. Tsohon zare ne kaɗai ya san hanya.

Sarkin Masaƙa a lokacin wani dattijo ne, Nomau. Matarsa Tabawa ita ke yi masa kaɗi. Tana zaune bayan danga da mazarinta, tana murza auduga, tana jin ƙoshiyar mijinta. Ko a cikin ƙoshiya arba'in tana gane tasa.

Ana nan, ana nan, sai fatake suka shigo da wani yadi daga nesa. Ga santsi, ga launi, ga arha. Mutanen gari suka ce, "Kai! Ina muke tun da?" Aka daina zuwa gindin ceɗiya. Wannan masaƙi ya tashi ya koma gona. Wancan ya tashi ya bi fatake. Har Jatau, wanda Nomau ya koya wa saƙa tun yana ɗan mitsitsi, ya buɗe rumfa a kasuwa yana sayar da yadin baƙi. Matan gida kuwa suka zare ragowar zaren da ke cikin allerar mazansu, suka ɗinke ƙwarya da shi. Aka bar Nomau shi kaɗai, ƙoshiya ɗaya tana kuka a gindin ƙatuwar bishiya.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira matarsa.

"Tabawa."

"Na'am, Malam."

"Ga allerata. Ita kaɗai ta rage da zare a garin nan. Ki rataye ta a ɗaka. Kome wuya, kada ki bari a zare."

"Malam, wa zai zo ya ƙulla? Kowa ya watse."

"Ban sani ba. Ke dai kada a zare."

Ya cika. Tabawa ta yi kuka har ta gode Allah. Ta rataye allera a bango, ta jingine itacen saƙa a bayan ɗaki. Aka daina noman auduga, mazarinta ya kwanta. Kullum da hantsi sai ta kasa kunne wajen ceɗiya, ba ta jin komai sai akuyoyi.

Rannan da sanyi ya tsananta, sai ga Ɓera ya leƙo.

"Salamu alaikum, Iya."

"Alaika salamu, ɓarawo. Yau kuma da sallama?"

"Iya, 'ya'yana tsirara suke, sanyi zai kashe su. Ba ni zaren can in yi musu shimfiɗa."

Tabawa ta duba ɗaki, babu ko ƙullin auduga. Ta dubi allera. Ta ce a ranta, Malam cewa ya yi kada a zare, bai ce kada a rage ba. Ta ɗauko 'yar wuƙa ta datse bakin zaren kaɗan ta ba shi.

"Ungo. Na rage, ban zare ba."

Ɓera ya ce, "Alheri danƙo ne, Iya, ba ya faɗuwa ƙasa banza." Ya shige rami.

Aka shekara. Sai ga Gara ta fito daga gindin bango, ita da rundunarta.

"Salamu alaikum, Iya."

"Alaika salamu, mai ci ba ƙoshi."

"Iya, mun cinye itacen saƙar kowa a unguwar nan. Saura na bayan ɗakinki. Mun zo sallama ne kafin mu fara."

Tabawa ta ce, "Ke Gara, ki ji tsoron Allah. A jikin itacen nan Malam ya tsufa. In na ba ki abin da ya fi shi daɗi, kya bar mini shi?"

"Me ya fi itace daɗi?"

"Zaren da ya sha zufar masaƙa tun kaka da kakanni."

Ta sake datse bakin zaren ta ba ta. Gara ta ɗanɗana, ta lumshe ido.

"Ungo. Na rage, ban zare ba."

Gara ta ce, "Na yi alkawari. Itacenki ya fi ƙarfin bakinmu." Ta juya da rundunarta.

Aka sake shekara. Da hadarin farko ya wuce da iska, sai ga Kabare, tsuntsun nan mai saƙa sheƙa a reshe, ya sauka a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf.

"Salamu alaikum, Iya."

"Alaika salamu, ɗan'uwan sana'a."

"Iya, iska ta tsinke mini sheƙa, ƙwai na ciki, tana lilo da sili ɗaya. Ciyawa ta jiƙe ba ta ɗauruwa. Taimake ni da zare."

Tabawa ta daɗe tana kallon allera. Abin da ya rage bai fi gaɓar yatsa ba. Ta ce, "Masaƙi ba ya hana masaƙi." Ta datse na uku.

"Ungo. Na rage, ban zare ba."

Kabare ya ɗauka ya tashi. Ita kuwa ta zauna tana hawaye, don abin da ya saura ɗan tsigi ne kamar gashin gira. Babu yatsan ɗan Adam da zai iya kama shi, balle ya ƙulla.

To, ku ji abin da ke faruwa a gari. Tsofaffin majanyai sun yi ta tsufa, sun yi ta yagewa, har na ƙarshe ya mutu. Aka koma goyo da yadin kasuwa. Santsi, goyo yana zamewa. Zafi, baya yana ƙuraje. Jarirai suka ce ba su san zance ba. Na gabas ya tsala kuka, na yamma ya karɓa, na kudu ya taya. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi jijjiga, a banza. Liman yana gyangyaɗi a sahu, mahauci yana yanka yatsa, mai gadin ƙofa yana barci a tsaye.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne Jatau, don matarsa Lanti ta haifi 'yar da muryarta ta fi kakaki. Yarinyar ta ƙi nono, ta rame, sai ido. Jatau ya ga 'yarsa za ta tafi. Ya tuna da majanyin da aka goye shi da shi. Ya rufe rumfa, ya nufi gidan Tabawa, kansa a sunkuye.

"Iya, na zo da kunya."

"Shigo da ita, ɗan nan, ɗakin da faɗi."

"Iya, majanyi nake nema. Ko guntu."

"Babu. Sai dai a saƙa."

"Da me? Ba itace, ba auduga, ba allera."

Tabawa ta kai shi bayan ɗaki. Ga itacen Nomau tsaye, ko ƙwarzane babu. Jatau ya shafa wurin da hannun maigidansa ya goge har ya yi sheƙi.

Suna nan sai suka ji kacar-kacar. Ɓeraye ne a jere, kowane da ƙullin auduga a baki. Ɓera ya ce, "Iya, wannan ita ce audugar da kakanninmu suka ara a unguwar nan."

"Ara?" in ji Tabawa.

"To, ga shi dai mun dawo da ita."

Tabawa ta karkaɗe mazari. Ta yi kaɗi, ta yi kaɗi, ta yi kaɗi. Ta rina rabi shuɗi da baba a tsohuwar tukunyarta. Jatau ya miƙe zaren a gindin ceɗiya, ya kafa itace. Aka sauko da allera.

Da Jatau ya ga ɗan tsigin da ya rage, sai ya ce, "Iya, wannan ai ba ya ƙulluwa. Bari in zare shi in zura sabo."

Ya kai hannu. Tabawa ta riƙe masa wuyan hannu, tsohuwa tukuf, amma ya kasa motsi.

"Ka san idon da fari ke bi?"

"A'a."

"Ka san na shuɗi?"

"A'a."

"Ni ma ban sani ba. Malam ma bai sani ba. In ka zare, wa za mu tambaya?"

Jatau ya gwada ƙullawa, ya kuɓuce. Tabawa ta gwada, ido ba ya gani. Daga cikin gari ana jiyo kukan 'yar Lanti, yana ƙara siriri. Tabawa ta ce, "Ni na datse shi da hannuna. Malam, ka yafe mini."

Sai suka ji fir! Kabare ya sauko daga ceɗiya, 'ya'yansa na biye.

"Iya, matsa. Wannan aikin baki ne."

Suka sa baki siriri, suka kama tsigin tsohon zare, suka kama sabo. Fari da fari, shuɗi da shuɗi. Ƙulli, ƙulli, ƙulli, har suka kai ƙarshe. Kabare ya ce, "Ƙulli namu ne, saƙa taku ce. Ba mu da ƙafar taka itace."

Jatau ya ja zaren a hankali, sabo ya bi tsoho, kowane ya shige idonsa. Ya zauna, ya ɗauki ƙoshiya, sai ƙafa ta rikice. Ya taka inda ba a takawa, ya jefa inda ba a jefawa. Zaman rumfa ya cinye abin da ya koya.

Tabawa ba ta taɓa zama a itacen saƙa ba, amma kunnenta ya tsufa da sautin. Ta jingina da ceɗiya, ta fara tafi a hankali, tana rerawa:

Taka dama, jefa hagu,
Taka hagu, jefa dama,
Zaren jiya, riƙe na yau,
Na yau, ka jira na gobe.

Ƙafa ta ji, ta tuna. Hannu ya ji, ya tuna. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas!

Tsofaffin masaƙa suka jiyo daga gona, suka yar da fartanya. Suka zo suka tsaya, gemu fari, ido jawur, ƙafafunsu suna taka ƙasa ba su sani ba. Wani ya ce, "A ara mini allerar in an gama, in kwaikwaya." Wani ya ce, "Ni ne bayanka."

Majanyi ya fito, fari da shuɗi, sak irin na da. Jatau ya zaro wuƙa cikin ɗoki, zai yanke zaren tun daga tushe ya ruga gida. Tabawa ta ɗauki mazari ta ƙwala masa a hannu.

"Kai! Bar taƙi."

Ya auna taƙi, ya ƙara da yatsa biyu, sannan ya yanka.

Lanti ta zo da 'yar. Aka ɗora ta a baya, aka ɗaure da sabon majanyi. Ta yi ajiyar zuciya sau ɗaya, ta kwantar da kai. Da ta farka ta kama nono.

Jatau ya juyo don ya yi godiya. Ya tarar da Tabawa jingine da ceɗiya, mazari a cinya, tana murmushi, ido a rufe. Wani tsohon masaƙi ya riga ya zauna yana ƙulla nasa zaren a jikin taƙin da aka bari.

"Iya," in ji Jatau. "Iya."

Lanti ta ce, "Bar ta. Ta daɗe ba ta yi barci da wannan sauti ba."

Ba ta farka ba. Da yadin da aka saƙa a allerar mijinta aka yi mata sutura.

Shi ya sa, 'ya'yana, in an bar muku abu, ko kun rasa amfaninsa a yau, kada ku tumɓuke shi. Ku ci, ku bayar, ku rage in ta kama, amma ku bar wa na baya abin da zai ƙulla.

Ƙurunƙus kan ɓera. A'a, ɓera ya yi mana rana yau, a bar masa kansa. Ƙurunƙus kan gafiya. In akwai ƙarya a ciki, Gizo ne ya saƙa ta, ni ƙullawa kawai na yi. Ku tashi ku kwanta, ga ƙanenku can ya riga ku.