Shak Mai Tsaga Biyar

An taɓa yin wani kifi Shak a inda kogi ya haɗu da teku, ƙato, ga girman kai ba a magana. Tsaga biyar gare shi a kowane gefen wuya. Ruwa ya shiga ta baki, ya fita ta tsagogin, da haka yake numfashi. Sai dai irinsa in ya tsaya, ruwan ma ya tsaya. Don haka bai taɓa zama ba, kullum yana tafe shi kaɗai.

Akwai kuma wata Karfasa mai tausayi. Ita tsaga ɗaya ce a kowane gefe, da murfi a kai. Murfin na buɗewa yana rufewa, yana jan ruwa, ko a zaune take numfashinta lafiya lau.

Kullum ƙananan kifaye na taruwa hira a wani kogo. Shak ya zo ya wuce, ya jiyo dariya, kaɗaici ya cika masa ciki.

Ran nan Karfasa ta leƙo ta ce, "Malam Shak, tunda ba ka iya zama, bari in riƙa raka ka muna taɗi."

"Ke?" in ji Shak. "Mai murfi kamar tukunyar miya? Wa ya ce miki ba na iya zama? Tsaga biyar fa!"

"To ai gaskiya ce, ba zagi ba."

"Rufe min baki! Yau a tsakiyarku zan zauna, a wuri mafi kyau."

Sai ya danno kai cikin kogon. Kifaye suka watse, kowa ya yi ta kansa. Gogan ya baje shi kaɗai.

Wayyo! Kafin ka ce me, ruwa ya daina ratsa tsagogin. Idonsa ya yi duhu.

"Karfasa! Ki taimake ni!"

Ashe Karfasa ma ta gudu. Da ƙyar ya murɗa ya fito, duk jiki a ƙuje. Kifayen kuwa tsoro ya sa sun haura kogi, can inda ba zai iya bin su ba.

Har yanzu yana zagaya kogon. In ya zo wucewa ya rage gudu, ya yi sallama a hankali, ba mai amsawa.

Darasin da ke nan shi ne, yara, kowa da irin halittarsa. Wanda ya san rauninka kuma ya zo da niyyar raka ka, kada girman kai ya sa ka kore shi.