Hannun Da Ya Saki Genzo

Akwai wani tsohon masunci a garinmu mai suna Genzo. Tun shekarar da teku ta yi ambaliya ta tafi da matarsa Fumie, bai ƙara sa ko yatsa a ruwan gishiri ba.

Suna gudu ne riƙe da hannun juna ruwan ya cim musu. Shi ya tsira, ita kuwa ko gawarta ba a gani ba. Abu ɗaya ke cinsa a rai: gani yake shi ya sake ta.

Ana cikin kwanakin Obon, lokacin da ake cewa mamata na dawowa gida, ba mai shiga teku, sai jikarsa Koharu ta zo daga birni. Ta nace sai ya kai ta ɗan gidan kifayen da ke bakin gaɓa, inda yara ke taɓa halittun ruwa.

"Ke dai kin cika fitina," in ji shi. "Ki je da uwarki mana."

"Haba Kaka, ƙaton masunci da kai kana tsoron kifi?"

Kamar ya ƙi, amma ya ga idonta ya ciko. Ya ɗauki hularsa yana ƙunƙuni.

Wurin shiru, ba kowa sai matar da ke kula da kwamin ruwan da halittun suke ciki. Ta ce, "Ku fara tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, zafin hannun mutum ƙona su yake. Kun yi sa'a, gobe za mu mayar da su teku."

Koharu ta ja rigarsa, ta yi ƙasa da murya. "Ka ji ko? Wurin Kaka Fumie za su. Ni ba ta san ni ba. Kai ka taɓa su, in sun je wurinta za ta gane hannunka."

Wallahi tsohon nan bai so ba. Amma saboda yarinyar ya sanyaya hannunsa har ya daskare, ya zura shi cikin kwamin.

Daga ƙarƙashin dutse wata 'yar dabba mai hannu takwas ta lallaɓo, ta naɗe masa wuyan hannu. Sanyi ƙalau, riƙo gam. Daidai wurin da Fumie ta riƙe shi ranar nan.

Ya rufe ido, rugugin ruwan ya dawo masa a kunne. Bai motsa ba, bai janye ba.

Can sai dabbar ta fara saki da kanta, hannu bayan hannu. Nan ya tuna abin da tsoro ya ɓoye masa shekara da shekaru: haka yatsun Fumie suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, shi yana damƙe da ita har ruwa ya fizge ta. Ta ga za ta ja shi ƙasa ne.

Ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Kaka, ta cije ka?"

"A'a, 'yar nan," ya ce. "Ita ta sake ni. Ashe ita ta sake ni."

Darasi: Kada ka raina roƙon yaro don zuciyarka na ciwo. Ɗan alherin da ka daure ka yi wa wani, wata rana shi zai sauke maka nauyin da ka kasa saukewa. Tura wa wanda ka san yana zargin kansa a kan rashin da ba shi ya jawo ba.